Ranar da Kafinta Ya Rufe Shago

Auta ce ta tayar da zancen. Ta zo mana hutun ƙarshen mako daga garin da take aiki, ta zauna a falo, ta zaro tikiti daga jakarta ta jera su a kan tebur.

"Na tsohuwar unguwar bakin kogi ne," in ji ta. "Wannan na jirgin ƙasa, zuwa da dawowa. Wannan na shiga gidan tarihi. Wannan kuma na zagaye a jirgin ruwa. Asabar mai zuwa, ke da Baba, ban da ni."

Na ɗauki na jirgin ruwan ina juya shi. Shekararmu talatin da ɗaya da aure, ni da babanta ba mu taɓa fita don fitar kawai ba. Mun je asibiti tare, mun je gaisuwar rashi, mun je ɗauko yara daga makarantar kwana. Amma a ce an sa takalmi an kulle gida don a je a kalli ruwa, wannan a bakin mutane nake ji.

Maigidan nawa kafinta ne, kuma Kafinta kowa ke ce masa, har ni idan ya ba ni haushi. Shagonsa a bayan gidanmu yake, bango ɗaya ya raba shi da kicin. Ya leƙo ta ƙofar baya da garin katako a girarsa, ya dubi tikitin daga nesa.

"Me ke can ɗin?"

"Tsofaffin gidaje, Baba. Wasu sun haura shekara ɗari biyu. Ga kogi kuma."

"Tsohon gida ai muna cikin ɗaya. Ruwa kuwa ga famfo nan." Ya goge hannu a jikin wando. "Ranar Asabar mutane ke zuwa karɓar aikinsu. Wurin da za a rufe wa shago yini guda, ai sai ya amsa sunansa wuri."

"Gani ya kori ji," in ji Auta.

Ni kallonsa kawai na yi, irin kallon da nake yi wa ɗan aji uku idan ya ce ruwa ya jiƙa masa littafin aikin gida. Shekara ashirin da tara ina koyarwa a firamare, kallon nan bai taɓa ba ni kunya ba. Ya sosa ƙeya ya ce to, Allah ya kai mu Asabar ɗin.

Kada a ɗauka mugun miji gare ni. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, don muryar ma ba ya yawan amfani da ita. Laifinsa ɗaya, idonsa a kan katako yake. In muka shiga gidan mutane, bakinsa na gaida masu gida, idonsa na kan ƙofa. Ranar da muka je karɓar sakamakon gwajina a asibiti, ina zaune ina jira cikin fargaba, na waiga na same shi tsugune yana ƙara wa ƙofar likita ɗauri da sukundireba. Mata kan ce mini na dace, komai ya lalace akwai mai gyara. Nakan ce musu su zo su ji ƙofar gidanmu.

Ƙofar gidanmu kuka take yi. Ba ƙaramin kuka ba, wani dogon ƙiii ne mai shiga haƙori, wanda gida uku a layinmu suka haddace. Duk bayan wata uku ko huɗu sai in gan shi durƙushe a gabanta da tsumma, ya zare sandunan ƙarfen da ƙyauren ke juyawa a kansu, ya goge, ya mulmula, ya mayar. In tura ta, ta ce ƙiii, kamar ba a taɓa ta ba. Babu irin gorin da ban yi masa ba. Na faɗa wa 'yan'uwana, na faɗa wa malaman makarantarmu, na faɗa wa mai kawo mana burodi: ga kafintan gari guda, ƙofar gidansa ta gagare shi. Shi dai sai ya yi murmushi ya koma shago.

Don haka da na riƙe tikitin nan, ba kogin ne a raina ba. So nake in samu yini ɗaya tak da mutumin nan zai zauna kusa da ni, hannunsa babu komai, idonsa ba a kan ƙyaure ba. A cikin jirgin ruwa dai babu ƙofa. Na ɗora burina duka a kan wannan awa ɗayan, domin akwai tambayar da na daɗe ina jin nauyin yi wa kaina: shin yana lura da ni kuwa, ko na zama ɗaya daga cikin kayan gidan da ba su lalace ba tukuna?

Ranar Asabar da safe na tsayar da shi a bakin ƙofa na caje shi. Na fitar da tef ɗin awo daga aljihun dama, sukundireba daga na hagu, fensir daga bayan kunne, da ƙusoshi huɗu waɗanda shi kansa bai san da su ba.

"Yau hannu biyu za ka tafi da su, su kaɗai."

"To ke fa, Malama? Ai alli na nan a jakarki."

"Guntu ɗaya ne, shi ma Allah ne ya tsirar da shi."

Gaskiya na faɗa. Tun ina sabuwar malama nake ajiye alli a ƙaramin aljihun jakata, tun lokacin kuma yake ɓata. Da, yara nake zargi. Da suka girma suka watse bai daina ba, sai na koma zargin tsufa. Na ja ƙofar ta yi kukanta, na murza makulli, muka kama hanyar tasha.

Awa biyu muka yi a jirgin ƙasa, sai ɗan gangare da ƙafa. Unguwar ta burge ni tun daga lungun farko. Titunan ƙanana ne, an shimfiɗa su da duwatsun da ƙafafun mutane suka goge har suna sheƙi. Gidajen dogaye, sun jingina da juna, kowanne da barandar katako a sama, wasu har da shanya, domin akwai masu zama a ciki har yanzu. Manyan ɗakunan da a da ake sauke kayan jirage sun koma wuraren shan shayi da shagunan tsaraba. A jikin bangon gaɓa akwai zobban ƙarfe masu kaurin damtse inda ake ɗaure jirage. A kusurwar wani gida kuma an ja layi-layi da shekara a gefen kowanne, alamar inda ruwa ya kai duk lokacin da kogin ya yi fushi. Layin ƙarshe ya wuce kan Kafinta da kamu biyu.

Kogin ya fi yadda na zata faɗi. Ruwan ba shuɗi ba ne irin na jikin tikiti, kalar shayi da madara ne, amma yana tafiya a natse, iska mai sanyi da ɗan ƙarni na tasowa daga kansa. Na tsaya na daɗe ina kallo. Na ji kafaɗuna sun sauka, ban ma san a ɗage suke ba.

Kafinta ya yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ya goya hannuwansa a baya yana bina lungu-lungu. Sau biyu kawai ya so ya kasa. Na farko a gaban wata ƙofa da aka mulke da shuɗin fenti, ya tsaya ya ce a hankali, "Katako irin wannan a rufe shi da fenti, ai wannan alhaki ne." Na biyu a wurin cin abinci, inda teburinmu ke rawa. Na ga hannunsa ya nufi ƙasa, na yi gyaran murya, ya dawo da shi. Haka muka ci soyayyen kifi da burodi, tebur na gyaɗa mana kai. Shayin ya yi tsada, kofin kuma ɗan tsito, amma da zafinsa. Ya cire wa kifinsa ƙaya, ya turo mini farantin ya ja nawa, kamar yadda ya saba yi a gida har na daina gani.

Ƙarfe biyu da kwata muka isa gidan tarihin. Gidan shugaban masu jirage ne a da, hawa biyu, bayansa na kallon kogi. Mai kula da shi wani gajeren dattijo ne da tarin makullai a ƙugu, yana tafiya suna amsa masa. Ya karɓi tikitinmu ya haɗa mu da wasu baƙi kamar goma sha biyar.

"Sama za mu fara," ya ce. "Ƙarfe uku daidai mu sauko nan zaure, akwai abin da na ajiye muku. Masu hawa jirgin ruwa kada ku damu, na ƙarshe sai uku da rabi yake tashi, matakalar da ake hawansa tana nan bayan gida."

A ƙarshen zauren akwai wata ƙofa, tsayinta ya yi na mutum biyu, baƙin katako da manyan ƙarafa. Na ga Kafinta ya shafa ta da tafin hannu. Ya ɗan tura ta, bai kai faɗin yatsa huɗu ba, ta yi wani gurnani. Fuskarsa ta yamutse kamar an taka masa ƙafa.

"Mu je," na ce.

"Gwiwata ba ta son matakala. Ki hau, ina nan a benci."

Na dubi aljihunansa. Ni na caje su da hannuna, babu abin tsoro. Na bi mutane na hau.

A sama akwai tsofaffin taswirori, da fitilu, da igiyoyi masu kaurin cinya, da gadon da shugaban ya kwana a kai, wanda bai fi namu da komai ba. Dattijon ya iya labari. Yana cikin bayani ya gangaro kan ƙofar.

"Babu ƙararrawa a unguwar nan a da," ya ce. "Ƙofar ƙasa ita ce ƙararrawa. Ba a buɗe ta sai jiragen da suka yi nisa sun dawo, za a shigo da kaya. In ta yi kuka, har tsallaken kogi ake ji. Mace tana tsakar girki sai ta ajiye ludayi, ta san nata ya iso. Shekara ɗari biyu ba wanda ya ɗiga mata mai, da gangan. Saboda ita mutane ke zuwa gidan nan. Kullum ƙarfe uku nake buɗe ta sau ɗaya, yau ma za ku ji da kunnenku."

Sai na tuna abin da na yi. Na bar kafinta shi kaɗai da ƙofa mai kuka. Ban san lokacin da na sauko matakalar nan ba, ni da na hau ta ɗaya-ɗaya ina nishi.

Na same shi tsaye, ƙofar a buɗe, hasken kogi ya cika zauren. Da ɗan yatsa ɗaya yake tura wannan ƙaton ƙyaure, ya tafi, ya dawo, shiru kamar labule. A ɗaya hannun ga 'yar kwalbar man keken ɗinki. Fuskarsa cike da annuri, irin wanda ban gani ba ko ranar da Auta ta gama jami'a.

"Ji, Malama," ya ce. "Ko numfashi ba ta yi."

"A ina ka ɓoye wannan kwalbar?"

"A safa take zama. Ba ki tambayi safa ba."

"Rufe ta. Rufe ta maza."

Yana rufewa sai ga amon makullai, mutane na saukowa. Kafin in yi wa dattijon bayani, ya riga ya fara shirinsa. Ya jera mutane gefe biyu, kowa ya ɗaga waya, ya sa yatsa a leɓe aka yi tsit. Sannan ya kama zoben ƙofar da hannu biyu, ya kafe ƙafa, ya ja da ƙarfin da ya saba. Ƙofar ta taho sumul, saura kaɗan ta kwashe shi. Ya mayar ya sake ja. Shiru. Wata mata ta tambayi mijinta ko wayarta ce ba ta ɗauki sauti ba.

"Na ɗan ɗiga mata mai ne," in ji Kafinta, muryarsa ta fara sanyi. "Na ji tana wahala."

Dattijon ya dube shi ya daɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya nemi benci ya zauna, makullan suka zube a cinyarsa.

"Bawan Allah, me na yi maka? Shekara ashirin da biyu ina buɗe ƙofar nan. Gobe in mutane suka zo, me zan nuna musu? Igiya?"

Garin neman gira an rasa ido. Na rasa inda zan sa fuskata. Na matsa kusa da Kafinta na raɗa masa labarin da aka ba mu a sama, na jiragen da matan da ludayi. Ya saurara, ya dubi ƙofar, ya dubi tsohon.

"Zan mayar mata da kukanta, Baba."

"Ana mayar da kuka?"

"Ana mayarwa. A samo mini fetur kaɗan, da tsumma, da katako mai ƙarfi, da maza uku."

Na dubi agogo, uku da minti bakwai. Shi ma ya duba.

"Malama, ki sauka ki hau jirgin. Kada tikitin ya tafi a banza."

Wannan maganar ta fi zuba man yi mini ciwo. Wato har yanzu bai gane ba, a zatonsa ruwa na zo gani. Na ce na gode, na nemi ƙarshen benci na zauna na rungume jakata. Raina ya ɓaci ƙwarai, hawaye na kusa, amma malama ba ta kuka a gaban jama'a.

Aka tsiyayo fetur daga injin wutar gidan. Maza uku daga cikin baƙin suka naɗe hannun riga, ɗayansu da farar riga wadda daga baya ya yi da-na-sanin sakawa. Suka ɗaga ƙyauren da katako, Kafinta ya tokare shi, ya wanke sandunan ƙarfen sau uku, ya jira suka bushe. Aka sauke aka tura. Ta yi wani ɗan tsiyit irin na ɓera. Dattijon ya girgiza kai.

A daidai lokacin jirgin ya busa ƙahonsa. Ta cikin ƙofar na hango shi, fari mai rumfa, yana ja da baya daga matakala, mutane na ɗaga wa juna hannu. Ta faru ta ƙare. Na bi shi da ido har ya sha kwana.

"A sake ɗagawa," in ji Kafinta. Sannan, bai ko waigo ba, ya miƙo hannu ta baya. "Malama, ara mini allin nan. Yana ƙaramin aljihu, na ciki, bayan zif."

Na miƙa masa, don in ban miƙa ba jifansa zan yi da shi. Ya murƙushe guntun a tafin hannunsa, ya dangwali garin da babban yatsa, ya shiga mulmula shi a jikin ƙarfen sama. Zagaye uku dama, ɗaya hagu, ya hura, ya ƙara.

Na san hannun nan. Na san wannan mulmulawar, da hurawar, da yadda yake karkata kai gefe guda. Duk bayan wata uku ko huɗu nake ganinta a ƙofar gidana, ta bayansa, ina wucewa ina yi masa gori.

"Kukan ƙofa ba ya zama da kansa, Baba," yake ce wa dattijon. "In ƙarfe ya daɗe yana gogar ƙarfe sai ya yi santsi, muryar ta dushe. Ba ka lura ta rage ba?"

"Ta rage," ya amsa a hankali. "Shekara uku ke nan ba a jin ta a tsallake. Na ɗauka kunnena ne."

"Ba kunnenka ba ne. Duk wata uku ka goge ta da busasshen tsumma ka shafa alli. Na sama ka cika masa, shi ke ba da siririyar murya. Na ƙasa kaɗan, in ya yi yawa sai ta koma gurnani."

"Ka taɓa yi ne?"

Kafinta ya ƙara hura ƙarfen. Can ya ce, "Ina da wata a gida."

Aka sauke ƙyauren. Dattijon ya tashi ya kama zoben ya ja. Kukan ya fara da kauri daga ƙasa, ya hau, ya siranta, ya cika zauren har na ji shi a ƙirjina, sannan ya fita kan ruwa ya dawo mana daga ɗaya gaɓar. Can tsallake wasu masu wanke kwale-kwale suka miƙe suna waige. Dattijon ya tsaya idonsa a rufe, zoben na hannunsa.

"Haka take lokacin da na fara aiki," ya ce.

Mutane suka tafa. Masu waya suka nemi a sake, ya ce sau ɗaya ne a rana, yau ma an wuce ƙa'ida. Ya riƙe hannun Kafinta ya daɗe yana sa masa albarka, sannan ya zare kwalbar man daga aljihunsa ya ce wannan dai a nan za ta zauna.

Muka fita ta ƙofar muka zauna a matakalar da jirgin ya bari. Rana ta ɗan karkata, ruwa na lasar matakala ta ƙasa. Hannuwansa fari fat da alli, ya ɗora su a gwiwa.

"Na sa kin rasa jirgin," ya ce.

"Allina," na ce.

Ya sosa ƙeya, ya bar fari a wurin. "Guntaye kawai nake ɗauka. Ban taɓa taɓa sabo ba."

"Sau nawa na yi wa yara faɗa a kan allin nan?"

"Na sani. Nakan saya musu alewa daga baya."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ba ki makarantar tsallaken babban titi." Ya dubi ruwa. "Ina baya, ga zarto ga inji, ko sallama kika yi ba na ji. Amma ƙofar ina ji. In ta yi kuka da ƙarfe biyu da rabi na san kin tsallako lafiya, sai in ci gaba da aikina. In lokaci ya wuce ba ta yi ba, ko awo ba na iya yi daidai. Sau biyu ina ɓata wa mutane katako."

Na tuna ranakun da taron malamai ya tsare ni, in dawo in same shi a bakin titi, ya ce ƙusa ya fito saye. Ban taɓa ganin ƙusar a hannunsa ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

"Shekara ashirin da tara ina gaya wa duniya ƙofa ta gagare ka."

"Ai bai hana su kawo aiki ba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da na faɗa, da kin ce in bari, ke ba yarinya ba ce."

Haka kuwa zan ce, ya san halin kayarsa. Amma malama ba ta barin tambaya rabi.

"To yau me ya kai ka? Kai da ka san amfanin kukan ƙofa."

"Na duba gidan na ga ba mai kwana a ciki. Na ce to wa take yi wa? Ban san akwai masu jiran ta ba."

Daɗi ya kama ni, irin wanda ke zuwa da kunya. Na ji haushin kaina kuma, ni da ke alfahari babu yaron da zai ɓoye mini abu a aji, ga abu a ƙofar gidana shekara da shekaru ina tsallake shi sau biyu a rana. Ban gaya masa ko ɗaya ba. Na ciro hankici na ba shi ya goge hannu, ya goge, muka zauna. Jirgin ya dawo ya sauke mutanensa muna nan. Mun fi awa ɗaya a wurin, hannunsa babu komai. Sau ɗaya idonsa ya kai kan wani katakon matakala da ke motsi, na gani, na ƙyale shi ya kalla.

Muna cikin jirgin ƙasa Auta ta kira.

"Mama, ya wurin? Ya isa a ɓata masa yini?"

"Shayinsu da tsada, duwatsun titin na cin ƙafa, in za ki je ki sa takalmi marar tsini. Amma ya isa."

"Jirgin ruwan fa?"

"Mun gan shi da kyau."

"Baba ya ji daɗi?"

Na dube shi, ya jingina da taga yana gyangyaɗi, da sauran fari a ƙeyarsa. Na ce mata ya ji, kuma duk ranar da ta yi aure za ta fita da mijinta, ta caje shi har safa.

Tikitin jirgin ruwan yana nan a jakata, ban yar ba. Ranar Litinin na tashi daga makaranta, na tsallako babban titi, na iso gida ƙarfe biyu da rabi saura kaɗan. Daga waje ina jin zarto na tafiya a baya. Na sa makulli, na tura ƙofar a hankali, na bar ta ta yi kukanta har ƙarshe. Zarton ya tsaya. Na tsaya ni ma, jaka a kafaɗa. Sai kuma ya ci gaba.

Na buɗe zif, na ciro sabon alli wanda ba a taɓa rubutu da shi ba, na ajiye a kan tagar da ke gefen ƙofar, na wuce kicin na ɗora ruwan shayi.